Darasin Kimiyya: Yadda Ake Zaɓa Wa Ɗan Jirgin Ceto Inji

A wannan wata darasinmu zai kai mu ƙasar Birtaniya, inda za mu duba wani aikin hannu da mutanen can suke yi don nishaɗi. Aikin shi ne ƙera ƙananan jiragen ruwa masu kama da na gaske, a sa musu inji da batir, mutum ya tsaya a bakin tafki da rimot a hannunsa yana tuƙawa. Daga cikin jiragen da suka fi son kwaikwaya akwai jirgin ceto, wato wanda ke fita teku ya ɗauko mutanen da haɗari ya rutsa da su.

Mutum yakan yi watanni yana haɗa irin wannan ɗan jirgi, yana manna ƙananan sassa, yana shafa fenti. Amma ranar da ya kai shi ruwa, abu ɗaya ne zai nuna ko wahalarsa ta yi rana, wato injin da ya zaɓa. In inji ya yi nauyi, jirgin zai nutse. In ya yi ƙarfi fiye da kima, jirgin zai kife, ko wayoyi su ƙone a tsakiyar tafki inda hannu ba ya kaiwa. To, zaɓen nan da lissafi ake yinsa, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya iya sau da rabawa ba. Sai ka tanadi fensir da takarda mu bi shi tare.

Jirgin da ake kwaikwaya

A Birtaniya da Ailan akwai wata ƙungiya mai suna RNLI, wadda aka kafa a shekarar 1824 bisa ƙoƙarin wani mutum mai suna William Hillary, mazaunin tsibirin Man. Hedkwatarta tana garin Poole a kudancin Ingila. Yawancin matuƙanta 'yan sa-kai ne, kuma da gudummawar jama'a take gudanar da aikinta. Daga kafuwarta zuwa cikarta shekara 200 a 2024, ta ceci rayuka fiye da 140,000. Wannan ya sa jiragenta suke da farin jini ga mutanen ƙasar, har masu ƙera ƙananan jirage sukan baje kolinsu a wuraren taro don tara wa ƙungiyar kuɗi.

Jirgin da za mu ɗauka misali shi ne samfurin da ake kira Severn, wanda ya fara aiki a 1996. Da ya fito, shi ne mafi girma a jiragen ƙungiyar. Tsawonsa mita 17.3, nauyinsa kimanin tan 42, kuma yana gudun kilomita 46 a awa. An fara ƙera shi da injin dizal biyu na kamfanin Caterpillar, kowane ɗaya mai ƙarfin doki 1,250, daga baya aka sauya wa waɗansunsu injin kamfanin MTU. An yi shi yadda ko igiyar ruwa ta kifar da shi zai mirgino ya miƙe da kansa. Farfelarsa biyu ne, kuma suna zaune cikin wani lungu a ƙarƙashin jirgin don kada su daki ƙasa in ya shiga ruwa marar zurfi. Ka riƙe wannan batu na lungu, za mu dawo kansa.

Kamfanin Airfix na Ingila ya yi kwaikwayon wannan jirgi da roba, a awon 1 cikin 72. Ma'ana, duk abin da ya kai santimita 72 a jirgin gaske, santimita 1 ne a ɗan jirgin. Ka raba santimita 1,730 gida 72, za ka sami 24. Ke nan tsawon ɗan jirgin santimita 24 ne, ya ɗan ɗara taƙi ɗaya na babban mutum, faɗinsa kuma kimanin santimita 8. Don ado aka yi shi, a ajiye a kan kanta, amma masu dabara sukan sa masa inji ya hau ruwa. Akwai kuma masu ƙera babba, misali a awon 1 cikin 16, wanda tsawonsa zai kai santimita 108. Za mu riƙa kwatanta su biyun.

Nauyi ne farkon abin dubawa

Mai koyo yakan fara da tambayar wane inji ne ya fi ƙarfi. Gwani kuwa yakan fara da tambayar giram nawa jirgin zai iya ɗauka. Dalili shi ne kowane jirgi yana da layi a jikinsa inda ya kamata ruwa ya tsaya. In kaya suka yi yawa ruwa ya haye layin, jirgi ya zama abin tausayi: ba ya gudu, kuma igiyar ruwa kaɗan za ta cika shi.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sai su ce, tunda an rage tsawo sau 72, to nauyi ma a raba shi gida 72. Ba haka ba ne. Jirgi yana da tsawo, yana da faɗi, yana da zurfi, kuma dukkan ukun an rage su sau 72. Saboda haka za a yi 72 sau 72 sau 72, a sami 373,248. Da wannan lamba za a raba nauyin jirgin. Tan 42 daidai yake da giram miliyan 42. In ka raba shi gida 373,248, za ka sami giram 112 da ɗoriya kaɗan.

Giram 112 kuwa nauyin ƙwan kajin gidan gona biyu ne. A cikin wannan nauyi ne za a sami gangar jirgin da ɗakin matuƙi da fenti da gam, sannan inji biyu, da farfela biyu da sandunansu, da batir, da na'urar karɓar saƙon rimot, da na'urar daidaita gudu, da ɗan injin da ke juya akalar jirgi, da wayoyi. A ce robar jirgin ita kaɗai ta cinye giram 60. Saura giram 50 ke nan ga duk kayan lantarki. Batir ɗan yatsa guda ɗaya ya haura giram 20, don haka huɗu daga cikinsu sun kusa cinye nauyin jirgin gaba ɗaya tun ba a zo maganar inji ba.

Babban kuwa, na 1 cikin 16, lissafinsa 16 sau 16 sau 16, wato 4,096. Kilo 42,000 a raba gida 4,096 ya ba da kilo 10 da kwata. Dubi bambancin: tsawonsa ya ninka na ƙaramin sau huɗu da rabi kawai, amma nauyinsa ya ninka sau 90 da wani abu. Mai babban jirgi yana da sarari, har wani lokaci sai ya ƙara dalma a gindin jirgin kafin ya zauna daidai. Mai ƙarami shi ne ke ƙirga giram ɗaya-ɗaya kamar mai sayar da zinariya.

Ga wata hanya mai sauƙi ga wanda ba ya son dogon lissafi. A ɗora gangar jirgin da ɗakinsa a kan ruwa cikin baho. A riƙa jefa ƙusoshi a ciki ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya kai layinsa. A kwashe ƙusoshin a auna su a sikeli. Nauyin da aka samu shi ne iyakar abin da kayan lantarki duka za su kai. Wannan gwaji ya fi lissafin takarda aminci, domin robar da aka yi ɗan jirgin da ita takan fi kauri bisa ga girmansa.

Gudu nawa ake bukata?

Shi ma gudu yana da tasa ƙa'idar. In ka raba kilomita 46 gida 72, za ka sami abin da bai kai kilomita ɗaya a awa ba. Ɗan jirgi mai irin wannan gudu zai yi kama da ganyen da iska ke turawa. Wanda ya warware wannan matsala wani injiniya ne na Ingila mai suna William Froude, wanda ya rasu a 1879. A farkon shekarun 1870 ya gina dogon kwarmin ruwa a garin Torquay, yana jan ƙananan jirage a ciki yana auna su. Ya gano cewa ƙaramin jirgi zai tayar da igiyar ruwa irin ta babban ne in an raba gudun da wata lamba dabam, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka awon da aka rage jirgin. Har yau masu ƙera manyan jirage suna aiki da wannan ƙa'ida kafin su yanka ƙarfe.

Bari mu gwada. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 16? Ita ce 4. To, 46 a raba gida 4 ya zama kilomita 11 da rabi a awa, kamar gudun mutum mai sassarfa. Ga 72 kuwa, lambar ita ce 8 da rabi, domin 8.5 sau 8.5 ya ba da 72 da kwata. Ka raba 46 gida 8.5, ka sami kilomita 5.4 a awa, wato mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Tafiyar mutum ce mai ɗan hanzari. In kana bin gefen tafki da ƙafa, ɗan jirgin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kai, to ya kai cikakken gudunsa ke nan. Duk abin da ya wuce haka ɓarnar batir ce, kuma kasada ce ga jirgi mai dogon ɗaki a samansa.

Daga nan sai ƙarfi. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, saboda haka doki 2,500 na injin biyu ya kama wat 1,865,000. Za a raba shi sau biyu: da lambar nauyi, sannan da lambar gudu. A raba gida 373,248 a sami 5, a sake raba 5 gida 8.5 a sami abin da ya ɗan wuce rabin wat. Abin mamaki, ko ba haka ba? Sai dai wannan a takarda ne. Ƙaramar farfela tana ɓarnar ƙarfi, sandarta tana gogayya, shi kansa ƙaramin inji yakan mai da kusan rabin wutar da ya sha zafi. Saboda haka sai a ninka amsar sau huɗu ko biyar, a nemi wat 2 zuwa 3 ga injin biyu a haɗe. Babban jirgin kuwa amsarsa a takarda wat 114 ce, a aikace sai a tanadi ninkinta biyu ko uku.

Mu leƙa cikin injin

Ɗan injin lantarki ba baƙo ba ne a gare ka. Shi ne ke juya kaset a tsohuwar rediyo, shi ne a cikin motar wasan yara da ƙaramar fanka mai caji, kuma wani ɗan mitsitsinsa ne ke sa wayar hannu ta girgiza. In ka buɗe shi za ka ga maganaɗisu biyu manne a jikin gwangwani. A tsakiya akwai sanda mai ɗauke da kwayil na siririyar wayar jan ƙarfe. A gindin sandar akwai buroshi biyu, na gawayi ko na siririn ƙarfe, masu shafar sandar suna ba kwayil wuta. Da wuta ta shiga, kwayil ya zama maganaɗisu shi ma, sai ya riƙa turereniya da na jikin gwangwani, sanda ta juya.

Abu biyu ya kamata ka haddace. Yawan bolt shi ke ƙara saurin juyawa. Nauyin aikin da aka ɗora wa inji shi ke sa ya ja wuta da yawa, wato amfiya. Wuta mai yawa kuwa zafi take haifarwa. Injin da ke juyawa a iska yana waƙa ba ya jan wuta da yawa, amma ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Da farfela ta shiga ruwa sai aiki ya canza. In kuma ciyawa ta naɗe farfela inji ya tsaya cik alhali wuta na shiga, a nan ne yake jan wuta mafi yawa, cikin ɗan lokaci kwayil ya ƙone.

Irin waɗannan injuna masu buroshi ana sanin girmansu da lamba, kuma yawancin lambobin sun samo asali ne daga kamfanin Mabuchi na ƙasar Japan. Mai lamba 540 kaurinsa kimanin milimita 36, nauyinsa wajen giram 160, wato shi kaɗai ya fi ɗan jirginmu nauyi. Mai lamba 280 ya kai giram 40, biyu sun haura 80, su ma babu wurinsu. Mai lamba 130, wanda aka fi gani a motocin wasan yara, giram 17 ne zuwa 18, yana aiki da bolt 1.5 zuwa 3. Shi ne ke yaudarar mutane, domin yana da araha kuma a ido ƙarami ne. Amma biyu sun kai giram 35, sun cinye kashi biyu cikin uku na giram 50 ɗin nan da muka ce ya saura. Akwai kuma wanda ake kira N20, faɗinsa milimita 12, tsawonsa 15, nauyinsa wajen giram 5 in babu giya a bakinsa. Biyu giram 10 ke nan. A ganina, ga jirgi mai santimita 24, nan ne ya kamata a tsaya.

Akwai wani iri kuma mai kama da guntun fensir, wanda kwayil ɗinsa ba a kan ƙarfe aka naɗa shi ba. Shi ake sa wa ƙananan jiragen sama marasa matuƙi na wasan yara. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma yana juyawa sau dubbai masu yawa a minti, don an yi shi ne ya kaɗa iska. A ruwa yana bukatar farfela 'yar mitsitsiya, in ba haka ba ya yi zafi ya mutu da wuri. Waɗansu masu dabara kuma sukan fasa ɗan injin juya akala, su ciro injin da ke cikinsa tare da allon lantarkinsa. Allon yana iya zama na'urar daidaita gudu, gaba da baya, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

Wani abin lura shi ne yawan kwayil a kan sanda. Mai lamba 380 uku gare shi, mai 385 kuma biyar. Haka 540 da 545. Mai biyar ya fi tashi a hankali ba tare da fizga ba, ya fi kuma jure tafiyar sannu. Jirgin ceto kuwa aikinsa ke nan, ya matso kusa da wanda ke cikin ruwa sannu a hankali. Don haka ga jirgi matsakaici, mai biyar ya fi dacewa.

Sai injin da ba shi da buroshi, wanda ya yaɗu sosai tun daga shekarun 2000. Ana gane shi da wayoyi uku maimakon biyu. Ya fi ƙarfi bisa ga nauyinsa, bai cika ɓarnar wuta ba, kuma babu buroshin da zai cinye. A jikinsa akan rubuta lamba da haruffan KV, ma'anarta sau nawa zai juya a minti ga kowane bolt ɗaya. Mai 1,000 in an ba shi bolt 11.1 zai juya sau 11,100 a iska, a ruwa ya ragu. Ga babban jirgi mai kilo 10, irin wannan biyu masu kaurin milimita 35 sun yi daidai. Amma kowane ɗaya sai da na'urarsa ta daidaita gudu, kuma a tabbata ta jirgin ruwa ce mai iya komawa baya, domin yawancin na jirgin sama gaba kawai suka sani. Ga ƙaramin jirgi ban ga amfaninsa ba. Ƙarfin ya yi yawa, na'urori biyu sun ƙara nauyi, kuma ƙananan irinsa sukan yi fizga wajen tashi.

Inji da farfela tare ake zaɓensu

Masu wannan aiki suna da wata tsohuwar ƙa'ida: in za a haɗa inji mai buroshi kai tsaye da farfela, kada faɗin farfela ya wuce kaurin injin. Babbar farfela a kan ƙaramin inji kamar a ɗora wa ɗan jaki buhu uku ne. Ka tuna da lungun da muka ce farfelar Severn take zama a ciki? A ɗan jirgi mai santimita 24, lungun ba zai ɗauki farfelar da ta wuce santimita ɗaya da ɗan kai ba. Ka ga ta yi daidai da kaurin N20. Jirgin da kansa ya faɗi girman injin da yake so.

Tunda jirgin gaske farfela biyu gare shi, galibi inji biyu ake sawa. Sai a sayi farfela ta dama da ta hagu, ɗaya ta juya nan, ɗaya ta juya can. In duka suka juya gefe guda, jirgin zai karkata ya riƙa jan gefe, kuma ƙaramin jirgi ya fi nuna wannan hali. Juyar da inji mai buroshi ba wuya, musanya wayoyinsa biyu kawai za a yi. Na'urar daidaita gudu ɗaya ta isa ta ciyar da su biyun, muddin ta fi ƙarfin wutar da suke ja a haɗe. Sai dai ko daga kwali ɗaya suka fito, da wuya inji biyu su yi gudu ɗaya. Tunda ba su da tsada, gara a sayi huɗu a gwada, a ware biyun da suka fi kusa da juna.

Wanda nauyi ya matse shi sosai yana iya ba kowane inji na'urarsa, ya yar da injin juya akala gaba ɗaya. In yana son jirgi ya yi dama, sai ya ƙara wa injin hagu wuta ya rage wa na dama. Jirage masu farfela biyu na gaske ma haka suke juyawa a wuri mai matsi.

Batir da zama cikin jirgi

Batirin da ya dace da ƙaramin jirgi shi ne na litiyam mai kama da 'yar fakiti, ɗan'uwan na wayar hannu. Ɗaya yana ba da bolt 3.7, in ya cika caji 4.2, kuma ba a barinsa ya sauka ƙasa da bolt 3. Mai lamba 300 a jikinsa bai kai giram 10 ba. Lambar tana nufin zai iya ba da kashi 300 cikin 1,000 na amfiya har awa ɗaya. In injin biyu suna jan 800 a haɗe, sai a raba 300 gida 800, a ninka da minti 60, a sami minti 22. A dawo da jirgi bakin ruwa tun a minti 17 ko 18. A duba kuma ko na'urar karɓar saƙo tana aiki da batir ɗaya, domin da yawansu bolt 5 suke so. In aka haɗa batir biyu aka sami bolt 7.4, to injin da aka yi don bolt 3 ba zai daɗe ba. Wannan batir ba ya son huda, ba ya son zafin rana, kuma in ya kumbura an daina amfani da shi, domin yana iya kamawa da wuta. Ba a sa shi caji a tafi a bar shi.

Inji da batir a kwantar da su can ƙasa a gindin jirgi, a daidaita dama da hagu. Sandar inji da sandar farfela su miƙe a layi ɗaya, a haɗa su da guntun tiyo mai laushi. Bututun da sandar farfela ke bi a ɗiga masa mai marar kauri ko giris kaɗan don tare ruwa. In giris ya yi yawa, ƙaramin inji zai ƙare ƙarfinsa wajen dama shi. Buroshi yana fid da tartsatsi mai dagula saƙon rimot, musamman tsofaffin rimot masu doguwar eriya, don haka akan liƙa 'yar kwandansa tsakanin ƙafafun injin biyu. Duk mai gyaran rediyo ya san ta. Rimot na yanzu bai cika damuwa da tartsatsi ba, amma saƙonsa ba ya ratsa ruwa sosai, sai a ɗaga eriyar jirgi sama da layin ruwa. Tuƙi da rediyo dai ya daɗe, tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ɗan jirgin ruwa irin wannan a birnin Niyok na Amurka.

Gwajin baho

Kafin a je tafki sai an yi gwaji a gida. A sa mita mai auna amfiya tsakanin batir da inji. A fara kunnawa a iska, a ɗan motsa injin hagu da dama kafin a manne shi: inda mita ta nuna wuta mafi ƙanƙanta, nan ne sandunan suka miƙe daidai. Sannan a sa jirgi a baho, a riƙe shi da hannu, a ba shi cikakkiyar wuta na minti ɗaya, a rubuta abin da mita ta nuna. A kashe, a ɗora yatsa a kan injin. In ana iya barin yatsa a kai, lafiya lau. In sai an janye da sauri, farfela ta yi girma ko bolt ya yi yawa, sai a rage ɗaya a sake gwadawa. Lambar da aka rubuta ita za a duba a zaɓi fis wanda ya ɗara ta kaɗan, don in ciyawa ta kama farfela fis ya tsinke kafin inji ya ƙone. A leƙa cikin jirgin kuma a ga ko ruwa ya shiga ta bututu.

Ranar farko a tafki a tsaya kusa da gaɓa, a zaɓi lokacin da babu iska. In jirgi ya mutu a tsakiya, a jira iska ta turo shi ko a jefa masa igiya. Kada kowa ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba don ɗan jirgi, balle a tura yaro.

Aikin gida

1. A ce za a ƙera Severn a awon 1 cikin 25. Santimita nawa tsawonsa zai kasance?
2. Kilo nawa ya kamata ya yi? Ka tuna sau uku ake ninka lambar.
3. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 25, kuma kilomita nawa a awa ya kamata jirgin ya yi?
4. Batir mai lamba 600, injuna suna jan 1,200 a haɗe. Minti nawa zai yi kafin ya ƙare?

Amsoshi za su zo a fitowar wata mai zuwa.